Lafiya Uwar Jiki: Yaron da susa ta hana barci

Wannan makon za mu tsaya a kan wani saƙo da ya shigo daga Kwatano, domin amsarsa za ta amfani gidaje da yawa. Mai saƙon ɗan kasuwa ne a Dantokpa, ya kuma roƙi a sakaya sunansa. Ga abin da ya ce a taƙaice:

“Ɗana shekararsa 3. Tun yana wata 4 ƙuraje suka fito masa a kumatu, yanzu sun koma lanƙwasar hannu da bayan gwiwa da wuya. Da dare susa yake yi har sai jini ya fito. Ba ya barci, mu ma ba ma yi. Da uwarsa ta je da shi biki Birnin Kebbi da hunturu, abin ya ninka. Hajiyata ta ce nonon uwar ne tun farko, wasu sun ce ruwan Kwatano ne bai karɓe shi ba, wata ma ta ce a bincika ko da sa hannu. Maƙwabcina a kasuwa ya ba ni wani man shafawa, kwana uku fata ta yi sumul, amma da an daina sai abin ya dawo fiye da da. Wata 8 ke nan muna shafawa, har fuskarsa ta fi jikinsa haske. Mun hana shi ƙwai da madara da gyaɗa da kifi, ga shi yana ramewa. Don Allah a faɗa mini maganin da zai raba shi da wannan abu gaba ɗaya.”

Alhaji, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba yaro lafiya. Ba a yanke wa fata hukunci daga nesa, sai likita ya gani da idonsa. Amma yadda ka zayyana abin, ya yi kama ƙwarai da kirci irin na gado, wanda likitoci ke kira ekzima. A asibitocin ƙasashen da ake Faransanci, kamar inda kake, za ka ga an rubuta dermatite atopique a takarda. Bari in fara da abin da ba za ka so ji ba: babu allura ko ƙwaya ko jiƙo da ke tumɓuke shi rana ɗaya. Wanda duk ya ce maka yana da shi, aljihunka yake hari. Amma ciwo ne da ake iya kwantar da shi har yaro ya yi barci, ya yi wasa, ya je makaranta kamar kowa. Kuma yara da yawa yana yi musu sauƙi sosai, ko ma ya ɓace, yayin da suke girma.

Ba kowane ƙaiƙayi ne kirci ba

A kasuwa da an ga tabo a fata sai a ce ekzima, alhali yawanci kyasbi ake nufi: dabbare-dabbaren nan masu haske ko duhu a ƙirji da baya, waɗanda ba su cika ƙaiƙayi ba. Kyasbi da makero ƙwayoyin cuta ne dangin fumfuna ke kawo su. Makero zobe-zobe yake yi, gefensa da ɗan tudu, in a ka ne ya cinye gashi. Ita kuwa ƙazwa wani mitsitsin ƙwaro ne ke haƙa rami a fata. Tana son tsakanin yatsu da wuyan hannu da cibiya da al’aura, a jarirai har tafin hannu da tafin ƙafa. Babbar alamarta ita ce akwai wani a gidan da shi ma yake susa, kuma tana yawa inda ake kwana a cunkushe, kamar masaukin baƙi a zango. Maganinta sai an yi wa kowa na gidan rana ɗaya, an wanke shimfiɗu.

Dole a bambance su tun farko, domin maganin da ke kwantar da kirci shi ne ke ba makero da ƙazwa damar yaɗuwa. Yana ɓoye su na ɗan lokaci, su kuwa suna ci gaba da cin fata.

Laifin ba na uwa ba ne

Lafiyayyar fata kamar randa ce mai murfi: tana riƙe danshin jiki a ciki, tana tare ƙura da ƙwayoyin cuta a waje. Fatar mai kirci randa ce mai ƙananan tsage-tsage. Danshi na tsiyayewa, fata ta bushe, sabulu da ƙura da zufa su sami hanyar shiga, garkuwar jiki kuma ta tashi faɗa fiye da kima. Daga nan sai kumburi da ƙaiƙayi. Yaro ya sosa, tsagar ta ƙara buɗewa, ƙaiƙayi ya ƙaru, ya sake sosawa. Wannan zagayen shi ake so a katse.

Abin yana bin jini, kuma dangi ne da asma da kuma murar nan mai yawan atishawa da ƙaiƙayin ido. Ka duba danginka da na uwarsa, da wuya ka rasa mai ɗaya daga ciki. Ba a ɗaukarsa, don haka kada a ware wa yaro kwano ko a hana shi wasa da ’yan’uwansa. Ba ƙazanta ba ce, ba sammu ba ne, ba kuma nono ba ne. A yi wa Hajiya bayani cikin ladabi, a kuma sauke wa uwar yaron wannan nauyi. Wadda ta shekara uku ba ta barcin kirki taimako take buƙata, ba zargi ba.

Batun tafiya Birnin Kebbi kuwa, ba abin mamaki ba ne. Kwatano bakin teku ce, iskarta da danshi. Iskar hunturu a Arewa busasshiya ce, ga ƙura, ga wanka da ruwa mai zafi, ga rigar sanyi mai kaushi. Wasu yaran kuma akasin haka ne, zafi da zufar kudu ne ke tayar musu. Kowane gida ya lura da nasa.

Yadda likita ke gane shi

Babu gwajin jini da ke tabbatar da kirci. Tambaya ce da duba. Sharaɗi na farko shi ne ƙaiƙayi; in babu shi, a nemi wata cutar. Sannan likita zai nemi aƙalla uku daga cikin waɗannan biyar: ciwon ya taɓa kama lanƙwashe-lanƙwashen jiki, ana ganinsa a can yanzu, fata na yawan bushewa a shekarar da ta wuce, akwai asma ko murar atishawa, a jikin mai ciwon ko, in ƙaramin yaro ne, a iyayensa da ’yan’uwansa, ya fara kafin shekara 2. A jarirai wurin ya bambanta: kumatu da goshi da bayan hannu da ƙwauri, kuma yawanci yana tsallake wurin kunzugu.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. Littattafan likitanci da yawa suna cewa fata tana yin ja, domin a farar fata aka siffanta ciwon. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai. Wurin yakan ƙara duhu, ko ya yi toka-toka, ko ya yi ƙananan ƙuraje kamar tsikar jiki ta tashi, in ya daɗe kuma ya yi kauri kamar ƙirgi. Shi ya sa wani lokaci ake raina tsananinsa. Bayan ya lafa yakan bar tabo mai haske ko mai duhu, wanda ke komawa daidai a hankali cikin watanni. Kada a bi tabon da man bilicin.

A auna shi da kwanaki

In likita ya ce “yaya jikin?” sai mu ce “da sauƙi”, ko da kuwa ba a runtsa ba. Wannan ladabi ne, amma ba ya taimakon magani. Masana a Jami’ar Nottingham ta Ingila sun tsara wasu tambayoyi 7 da iyaye za su iya amsawa da kansu. A makon da ya wuce, kwana nawa aka yi ƙaiƙayi? Dare nawa barci ya katse? Kwana nawa fata ta yi jini? Kwana nawa ta yi ruwa? Kwana nawa ta tsage? Kwana nawa ta yi ɓawo yana zuba? Kwana nawa ta bushe ko ta yi kaushi? Kowace tambaya: babu ko ɗaya maki 0, kwana 1 zuwa 2 maki 1, kwana 3 zuwa 4 maki 2, kwana 5 zuwa 6 maki 3, kullum maki 4. A haɗa. Daga 3 zuwa 7 mai sauƙi ne, 8 zuwa 16 matsakaici, 17 zuwa 24 mai tsanani, 25 zuwa 28 ya kai maƙura.

Alhaji, kai mutum ne mai rubuta ciniki. Ka buɗe wa yaron shafi a bayan littafi, duk Juma’a a rubuta makinsa, a kuma ɗauki hoton wurin da waya. Da wannan za ku san ko magani na aiki, kuma ko an canza gari ko likita, tarihin yana hannunku.

Mai shi ne tushen magani

Tunda matsalar tsaga ce, aikin farko liƙe ta da mai, kullum, ko fata ta yi kyau ko ba ta yi ba. Basilin fari marar ƙamshi yana aiki sosai. Man kaɗanya tsantsa, wanda ba a zuba wa turare ba, shi ma yana karɓar mutane da yawa; a gwada a ɗan wuri tukuna. A shafa aƙalla sau biyu a rana, da hunturu sau uku ko huɗu, a dukkan jiki. Yawansa ma abin lura ne: yaron da ciwon ya game masa jiki yakan ci giram 250 zuwa 500 a mako. Gwangwani ɗaya da ke shekara a kan taga bai yi komai ba.

Wanka sau ɗaya a rana ya isa, da ruwa mai ɗumi ba mai zafi ba, na minti 5 zuwa 10. A ajiye soso, a ajiye sabulu mai ƙamshi da mai maganin ƙwayoyin cuta, a daina ɗiga ruwan magani a bokiti. Sabulun salo ma yakan busar da irin wannan fata. A tsane jiki da tawul a hankali, ban da gurzawa, a shafa mai nan take tun fata da sauran danshi, ana bin kwanciyar gashi. A ɗebo man da cokali mai tsabta, kada a dinga tsoma yatsa. A yanke farce, a sa tufafin auduga, a ɗauraye omo sosai daga wanki, a nisanta turare da humra daga fatar yaron.

Gargaɗi guda: tufa ko zanen gado da ya sha mai yana saurin kama wuta. A kula da murhu da kaskon gawayi da na turaren wuta.

Maganin kumburi, da man kasuwa

In ciwon ya tashi, mai kaɗai ba ya isa. Sai an haɗa da man magani dangin kotizon. Waɗannan hawa-hawa ne. Hydrocortisone 1% shi ne mai sauƙi, shi ake fara ba yara, shi ake sa wa fuska. Betamethasone mai ƙarfi ne. Clobetasol ya fi su duka, kuma ba a shafa wa yaro shi sai da umarnin ƙwararren likitan fata. Ana shafawa sau ɗaya ko biyu a rana, a kan wurin ciwon kawai, yawanci kwana 7 zuwa 14, a fuska ƙasa da haka. Ma’auninsa a hannunka yake: abin da aka matso daga kan manuniyar babba zuwa gaɓar farko, kusan rabin giram ke nan, ya isa wuri mai faɗin tafin hannun babba biyu. A bar kamar minti 30 tsakaninsa da man jiki. In ciwon na yawan dawowa wuri ɗaya, likita kan ce a riƙa shafawa kwana 2 a jere kowane mako don a riga shi.

In an bi wannan ƙa’ida, maganin ba abin tsoro ba ne. Wasu iyayen tsoro ke sa su shafa ɗan kaɗan su daina da wuri, yaro ya yi ta wahala a banza. Haɗarin yana ga mai ƙarfi da aka daɗe ana shafawa ba bisa ƙa’ida ba. To, Alhaji, ɗauko kwalin man nan na maƙwabcinka ka karanta ƙananan rubutun. Yawancin masu haɗin uku da ake sayarwa a tebur suna ɗauke da betamethasone ko clobetasol, an gauraya da maganin fumfuna da na ƙwayoyin cuta. Shi ya sa suke aiki kamar yankan wuƙa. Amma wata da watanni a fuskar ɗan shekara 3 yana sirantar da fata, ya ɗashe launinta, ya kawo nankarwa da ƙuraje. Kusa da ido yana iya taɓa gani. In ana shafa shi a jiki da yawa yana ratsawa cikin jini, har ya taɓa girman yaro. Kada ka yanke shi kwatsam da kanka bayan wata 8. Ka kai yaron asibiti cikin makon nan, da bututun a hannunka, likita ya sauko da shi mataki-mataki.

Mu ’yan kasuwa ne, kuma wasu cikin masu karanta wannan su ke sayar da irin man nan. Maƙwabcin Alhaji taimako ya yi niyya, ba cuta ba. Amma wannan magani ne, ba kayan kwalliya ba. Kwaddibuwa ta haramta mayukan bilicin masu kotizon tun 2015 saboda irin wannan ɓarna. In uwa ta zo da yaro tana neman na ƙaiƙayi, sayar mata da basilin, ka nuna mata hanyar asibiti. Haka nan ƙwayoyin dexamethasone ko prednisolone da allurar kotizon ta kemis: suna kwantar da shi yau, ya dawo da ƙarfi gobe, su bar hawan jini da sukari da raunin ƙashi. Ƙwayar ƙaiƙayi mai sa barci kuwa ba ta warkar da fata, ba a kuma ba jariri sai likita ya ce.

In duk an bi wannan bai lafa ba, akwai sauran matakai wajen likitan fata a manyan asibitoci: man tacrolimus wanda ba kotizon ba ne, ana ba yara daga shekara 2, gashi da wani haske na musamman, ƙwayoyi irin methotrexate masu buƙatar gwajin jini a kai a kai, da sabuwar allurar dupilumab da aka fara amincewa da ita a Amurka a 2017, mai tsada ƙwarai da wuyar samu a yankinmu.

A mayar masa da abincinsa

Ramar yaron nan ta fi ƙurajen tayar mini da hankali. Gaskiya ne wasu yara masu kirci jikinsu ba ya karɓar ƙwai ko madara ko gyaɗa. Amma wannan yana da alama: jim kaɗan bayan ci, leɓe ko ido ya kumbura, borin jini ya fito, ko amai, ko numfashi ya sarƙe. In an taɓa ganin haka, a nisanci abincin, a gaya wa likita. In numfashi ne, asibiti nan take. In ba a taɓa gani ba, hana yaro ƙwai da madara da gyaɗa da kifi lokaci guda yunwa ce kawai aka ƙara masa a kan ciwo. Tunda an daɗe da hana shi, a tambayi likita yadda za a dawo da su ɗaya bayan ɗaya, a kuma auna nauyinsa. Mai shayarwa kuma ta ci gaba da ba da nono, kada a yaye yaro saboda kirci.

Manya ma ba su tsira ba

A manya ya fi kama hannu da wuya da fatar ido, kuma sana’a na da hannu a ciki. Mai tuwo-tuwo da ke wuni cikin ruwan omo, mai wanki, mai rini, mai ɗaukar siminti, mai sayar da turare, duk hannunsu na cikin haɗari. A sa safar roba mai auduga a ciki lokacin aiki, a ajiye ɗan gwangwanin mai a shago, a shafa bayan kowane wanke hannu da bayan alwala. In ciwon ya tsaya daidai wurin ɗan kunne ko agogo ko ƙarfen bel, ko inda aka zana baƙin lalle, to wannan abin ne jiki ya ƙi, rabuwa da shi ne magani. Babban da bai taɓa yi ba kuma ƙaiƙayi ya game masa jiki rana tsaka, ya je a duba sukari da ƙoda da hanta da cuta mai karya garkuwar jiki, kada ya tsaya shafe-shafe.

Ranar da ba a jira

Fata mai tsaga ƙofa ce ga wasu cututtuka. In wurin ya fara ruwa da ɓawo rawaya kamar busasshiyar zuma, ko mugunya, ko zafi da kumburi, ƙwayoyin cuta sun shiga, a ga likita a ranar. Mafi haɗari shi ne ƙananan ƙuraje masu ruwa ko ramuka masu girma ɗaya, a cure wuri guda, masu zafi, suna yaɗuwa da sauri, ga zazzaɓi, yaro ya yi laushi. Wannan ƙwayar cutar ƙurajen leɓe ce ta hau kan kirci. Tana iya taɓa ido, tana iya kisa, maganinta aciclovir ne da gaggawa. Don haka mai ƙurajen zazzaɓi a leɓe kada ya sumbaci yaro mai kirci. In kuma ciwon ya rufe kusan dukkan jiki, ana rawar sanyi, shi ma na asibiti ne ko da tsakar dare.

A ƙarshe, Alhaji, ba a fafe gora ranar tafiya. In za a sake zuwa gida da hunturu, a ƙara yawan shafa mai tun mako guda kafin a tashi. Man da maganin da likita ya rubuta su kasance a jakar hannu, ba cikin kayan da aka ɗaure a saman mota ba, tare da takardar asibiti da littafin maki. A sa masa rigar auduga a ƙarƙashin ta sanyi. In an isa, kowa zai kawo nasa maganin don ƙauna. A yi godiya, a ce likita ya riga ya ɗora shi a kan wani. Kai kuma ka karɓi shafa man dare ko da sau uku a mako, uwarsa ta samu ta runtsa.

Muna jiran labarin yadda aka yi a asibiti, da makin Juma’ar farko. Sauran masu tambaya, a ci gaba da turowa, a riƙa faɗin shekarun mai ciwon da garin da ake zaune. Sai mako mai zuwa, Allah ya ƙara mana lafiya.